Wasali Ɗaya Tsakani

Da asuba aka fasa kantin Baba Omkar a Lesta,
titin Belgrave, jikin shagon mai alewar madara.
Ni ne mai shara da jera kaya,
ni na fara taka gilashin ƙofa
yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmina.

An kwashe sigari, an kwashe batir,
an ciro akwatin kuɗi har da wayarsa.
Buhun shinkafa dai ya tsira, nauyi ya cece shi.

'Yan sanda suka ce sai ƙarfe tara.
Muka zauna kan katan ɗin man girki,
shi da shayinsa mai citta, ni da tsintsiya.

Shekara ashirin yana koyar da Hindi a Kanfur
kafin ya zo nan ƙirga canji.
Tsohon malami, ko gidansa ke ci da wuta
sai ya gyara maka jimlar da ka yi kururuwa da ita.

Ya juya rasit, ya zana baƙi biyu
rataye jikin layi kamar shanya.
Luut, ya ce. Sallau, faɗi.
Na faɗa. Ya girgiza kai.
Naɗe harshenka baya, ya doki bayan hanƙa,
kamar mai ɓoye goro kada a roƙa.

Ni daaku kawai na sani,
daga silimar garinmu ina yaro,
mai rawani da doki da gashin baki,
muna ihu har a kunna fitila.
Ya ce wancan ɗan dutse ne, yana da suna, yana da kogo.
Wannan ba ta da fuska.
Kuma mace ce.

Na ce mu ma sata mace ce,
fashi ne namiji, shi ke tare hanya.
Ya rubuta a gefe, hannunsa na ɗan rawa.

To ga aikatau, ya ce, kasa kunne.
Luutnaa: ja wasalin, kai ka wawashe.
Lutnaa: datse shi, kai aka wawashe.
Tsakanin mai ɗauka da wanda aka ɗauke wa
numfashi ne, rabin numfashi ma.

Na tuna namu: ka fasa, ta fashe,
tukunya ɗaya, laifin ne ke sauya gida.

Daga ina ta fito? na tambaya,
don kada ya kalli kantar da ta koma fili.
Kakarta Sanskrit, ya ce, lotra,
abin da aka kwaso bayan an ci gari.
Ta tsufa a bakin manoma da fatake,
sai sojojin kamfani suka ji ta a sansani,
suka cusa ta a aljihu,
ta hau jirgin ruwa tare da alharini da zinariya.
Ba wanda ya tambaye ta takarda a kwastan.
Yau ga ta a jaridarsu ta ci kwat,
ta manta naɗe harshe.

Na ce ashe kalmar sata ma sace ta aka yi.
Ya ce a'a, wannan kaɗai suka ɗauka
ban wayi gari na rasa ba.

Na ce rana dubu ta ɓarawo,
rana ɗaya ta mai kaya.
Ya ce wace rana ce, in rubuta a kalanda?

Tara da kwata 'yar sanda ta iso,
ruwan sama na ɗiga daga hularta.
Ta buɗe littafi: me ya faru?
Ya amsa mata da Turanci tsaf,
adadi, lokaci, lambar inshora.

Sai da ta fita ya duƙa
ya tsinci hoton matarsa daga cikin gilashi,
ya goge da hannun riga.
Can ƙasa-ƙasa na ji ya faɗe ta,
da gajeren wasalin.

Na ci gaba da shara.